Wa ke zaɓen faifan? Tarihin rabon wuri a manyan kwamfutocin IBM

A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM ya sanar da jerin kwamfutocinsa na System/360, sannan tsarin da ke tafiyar da su, OS/360, ya fito a 1966. Da shi aka gaji wata tambaya da ta ɗauki fiye da shekara 20 ana fama da ita: idan ana son buɗe sabon kundin bayanai, a kan wane faifai za a ajiye shi?

Da farko amsar tana hannun mai rubuta shiri. A harshen umarni na JCL yakan faɗi irin na'urar da yake so, da girman wurin, da sunan faifan, wanda ba ya wuce haruffa shida. Faifan 2311 na wancan zamani megabait 7.25 kawai yake ɗauka, kuma da hannu ake cire shi a ɗora wani, don haka sanin inda kowane kundi yake ya zama dole.

Idan ba a ambaci suna ba, tsarin yakan duba matsayin faifan. Mai matsayin PRIVATE sai wanda ya kira sunansa. PUBLIC na kundayen wucin gadi ne, STORAGE kuwa yana karɓar na dindindin ma.

Da faifai suka yawaita, sai dabarar ta fara gazawa. Kowane sashe na banki ko kamfanin inshora ya riƙe nasa faifan, wani ya cika maƙil, na kusa da shi kuma babu kome. Aikin biyan albashi kan tsaya cikin dare da lambar kuskure B37 saboda wuri ya ƙare. In an sayo sabuwar na'ura kuwa, sai an bi umarnan JCL ɗaya bayan ɗaya an gyara.

A 1988 IBM ya gabatar da DFSMS, wanda ya karɓe zaɓin daga hannun mai shiri. Mai kula da ma'ajiya ne ke rubuta ƙa'idojin ACS, su kuma su ba kowane kundi aji: siffarsa, saurin da yake bukata, tsawon zamansa, da rukunin faifan da zai shiga. Daga nan tsarin ya jera faifan rukunin. Sahun farko na waɗanda ke aiki ne, ba su kuma haura iyakar cika da aka gindaya ba. Idan babu ko ɗaya a nan, a koma sahu na biyu, sannan na uku. Wanda aka kashe ba ya shiga lissafi.

Har yau z/OS a kan wannan tsari yake. Tsohon umarni na iya ɗauke da sunan faifai, amma muddin kundin yana ƙarƙashin DFSMS, galibi tsarin ba ya kula da sunan, sai ya ajiye kundin inda ƙa'ida ta nuna.