Dafa-dukar kifi: daga Balansiya zuwa tabkunan jihar Tawa

Paella, wadda masu ita ke kira "fa'eya", dafa-duka ce ta ƙasar Sipaniya. 'Yan uwanmu da ke ci-rani can sun san ta, wasu ma su ke wanke kaskonta a gidajen abinci. Asalinta garin Balansiya ne, a bakin Bahar Rum, inda ake noman shinkafa kewaye da wani tabki mai suna Albufera. Larabawa ne suka kai noman shinkafa Sipaniya zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus. Sunan kuwa na kaskon ne: faffaɗa, marar zurfi, mai hannu biyu.

Tun farko abincin manoma ne a gona. Kaza, zomo, ɗanyen wake, wani lokaci da dodon koɗi, a ɗora bisa wutar itace. Mazauna gaɓar teku su suka sauya naman da abin da komarsu ta kamo, kifi da jatan lande da sauran masu ɓawo, kuma wannan ita duniya ta fi sani yau. Ga mai tambayar halarci, a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa cikin teku halal ne.

Dahuwar ba ta da wuya. A soya nama ko kifi da mai, a sa tumatir, a zuba romo ya tafasa, sannan a baza shinkafa ta kwanta sirara a kasko. Daga nan ba a motsawa, ba a rufewa, har wajen minti 20. Da gangan ake barin ƙasan ya kama. Wato ƙanzo ke nan, jama'a! Abin da yaranmu ke faɗa a kansa gindin tukunya, shi ake ba babban baƙo a Balansiya. Launin rawaya daga za'afaran yake, kayan ƙamshi mai tsadar gaske. A nan gangamau ya ishe ki, uwargida. 'Yan Balansiya na asali ba su sa albasa, wai tana kwaɓe shinkafa. Wannan kam, mu da ke maƙwabtaka da Galmi, sai dai su yi haƙuri.

To mu ina tekunmu? Daga Birnin Konni zuwa Kwatano ya fi kilomita 1000 a mota. Kifin teku da ke zo mana na ƙanƙara ne, cikin kwali, ta Benin ko ta Najeriya. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, hanyarsa ta ƙara tsawo, kuma kowace kwana bisa hanya mai saye ke biyan ta. A lura da shi: kifin da ya narke aka sake daskarar da shi yakan yi laushi, idon ya faɗa, ya ɗauki wari. In kika danna da yatsa wurin bai dawo ba, bar wa mai shi abinsa.

Namu kifin na ruwan damina ne. Akwai madatsun Mozage da Zango bisa Magiya, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Konni. Akwai tabkin Tabalak, da na Ɗan Dutsi da ke ƙasar Bagaruwa, wadda dā take cikin gundumar Illela kafin 2011. Ɗan Dutsi ya cika ya zama babban tabki ne a 1974, daga baya aka zuba masa irin kifi. Shi da Tabalak sun shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya, na yarjejeniyar Ramsar, a 2005, saboda kifinsu da tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi sanyi a nan.

Tarwaɗa ita ce ta talaka: tana jure ruwa mai laka, tana da maiƙo, in an banɗa ta tana wata da watanni. Karfasa ta fi daɗin suya, sai dai ƙaya. Giwan ruwa tsoka zalla, shi ya fi dacewa da irin wannan dafa-duka. Gaiwa kuwa, in tabki ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har ruwan sabuwar damina.

Masunta na kukan kifi ya ƙanƙance, kuma dalilan a fili suke. Iska da kwararar ruwa na cika tabkuna da rairayi, zurfinsu na raguwa. Wasu na janye ruwa da gidan sauro, su kwaso har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yin ƙwai ba. Mafi muni shi ne zuba guba ko maganin ƙwari cikin ruwa. Doka ta hana, kuma ruwan nan shi shanu da awaki ke sha, shi yara ke wanka ciki. Inda sarkin ruwa da jami'an gandun daji suka rufe su na 'yan watanni lokacin da kifi ke ƙwai, a ganina nan ne aka yi dabara, ko da masunta sun yi gunaguni. Haka masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa: in ya yi warin magani, ko kin ga ƙuda na gudun tiren, kada ki saya.

Mai son gwadawa a gida, ta tafasa kan kifin da ƙashinsa ta tace romon, gwangwani biyu da rabi na romo ga gwangwani ɗaya na shinkafa. Tsokar a soya ta sama-sama a aje gefe, sai shinkafa ta kusa tsotsewa a jera ta bisa, don kada ta farfashe. In an sauke, a rufe da tsabtataccen ƙyalle minti 5, a kawo kaskon tsakiyar tabarma da yankakken lemun tsami.