Ɗaliban jami'a a unguwar talakawa: labarin Toynbee Hall

Yau Landan za mu leƙa, amma ba Landan ta fadar Sarauniya ba, a'a, gabashin birnin, inda 'yan dako da maɗinka da marasa aiki suke. Tambayar da na zo da ita ita ce: idan ɗalibin jami'a ya ɗauki ƙafa ya shiga unguwar masu fama da yunwa da rashin muhalli da sunan taimako, wa ke cin ribar zuwan nasa? Talakan ko ɗalibin?

To, bari mu fara daga 1873. A shekarar ne wani limamin coci, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta suka tare a Whitechapel, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a Landan. Iyali guda a ɗaki ɗaya, nan kwana, nan girki, nan jinya. Magidanci ya yi sammako ya tsaya a ƙofar tashar jiragen ruwa, in an zaɓe shi dako a ci abinci, in ba a zaɓe shi ba a kwana haka. Masu kuɗi kuwa suna can yammacin gari, sai dai su aiko da sadaka. Barnett ya lura cewa sadakar tana zuwa, amma masu bayarwar ba su san ko fuskar masu karɓa ba.

A Nuwambar 1883 ya je Jami'ar Oxford ya yi wa ɗalibai jawabi. Abin da ya nema a wurinsu ba kuɗi ba ne. Cewa ya yi su zo su zauna a unguwar, su zama maƙwabta. A ƙarshen 1884 aka buɗe gidan a titin Commercial Street, aka sa masa suna Toynbee Hall don tunawa da Arnold Toynbee, wani matashin malamin tarihi na Oxford da ya saba zuwa Whitechapel, wanda ya rasu a 1883 yana da shekara 30.

Yadda tsarin yake shi ne, samarin da suka gama Oxford da Cambridge su kama ɗaki a gidan, su biya kuɗin kwana da abinci daga aljihunsu. Da rana kowa ya tafi wurin aikinsa, da dare kuma a koyar da ma'aikata karatu, a shirya laccoci, a kula da ƙungiyoyin yara. Daga 1898 aka ƙara da ba da shawarar lauya kyauta, wanda har yau ana yi a gidan. Kun ga ɗan hayan da maigida ke shirin watsa wa kaya waje ya samu wurin zuwa ke nan.

Amma ku lura da wani abu, don shi ne ƙashin bayan labarin. Samarin nan ba su zo sun buɗe sabon shafi su kaɗai ba. Sun tarar da mutanen da suka riga su shekara goma a unguwar, sun san gida-gida, sun san wa ke kwana da yunwa yana ɓoyewa. Aikin gidaje ma akwai masu yin sa. A 1884 Barnett na cikin waɗanda suka kafa kamfanin East End Dwellings Company, don gina wa talakawa ɗakunan haya masu sauƙi. Gininsu na farko, Katharine Buildings, an buɗe shi a 1885, kuma cikin matan da suka yi aikin karɓar kuɗin haya a wurin har da Beatrice Potter, wadda duniya ta sani daga baya da Beatrice Webb. Wato dai baƙin sun zo da ƙarfi da ilimin littafi, 'yan gida kuma su ne da sanin ƙasa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu me zaman ya haifar? Na farko, ƙidaya. A lokacin wani attajirin jiragen ruwa, Charles Booth, ya ɗauki nauyin binciken talaucin Landan, kuma wasu mazauna Toynbee Hall sun taya shi. A littafin farko da ya fito a 1889, ya nuna kusan kashi 35 cikin 100 na mutanen gabashin Landan a cikin talauci suke. Ya zana taswira, kowane layi da launinsa, baƙi ga mafiya talauci, rawaya ga masu hannu da shuni. Abin da binciken ya ƙara fitowa da shi kuwa, akasarin mutanen nan ba giya ko lalaci ya jefa su halin ba. Ƙarancin lada ne, da aikin yau-akwai-gobe-babu, da ciwo, da tsufa. Wannan ya rusa hujjar masu cewa talaka shi ya so. Booth ya ci gaba da fafutukar fansho, kuma a 1908 Birtaniya ta yi dokar biyan tsofaffi masu shekara 70 har sule biyar a mako. Kafin nan, a 1906, an ba hukumomin ilimi damar ciyar da yara a makaranta.

Na biyu, mutanen da gidan ya horar. William Beveridge ya yi mataimakin shugaban gidan daga 1903 zuwa 1905, a nan ya fara nazarin rashin aikin yi. Shi ne ya rubuta rahoton 1942 da aka gina tsarin walwalar jama'a na Birtaniya a kansa. Clement Attlee kuma, ɗan gidan masu hali, ya fara aikin sa-kai da yaran unguwar Stepney a 1905, daga baya ya yi sakataren Toynbee Hall na ɗan lokaci. A 1945 ya zama firaminista. Gwamnatinsa ce ta kafa tsarin lafiya kyauta a 1948, kuma a zamaninta aka gina gidaje sama da miliyan ɗaya. Gani ya kori ji.

To amma fa ba kowa ya yaba ba. George Lansbury, ɗan siyasar da ya tashi a gabashin Landan ɗin, ya soki gidan sosai. A ganinsa samarin suna zuwa ne su yi 'yan shekaru, su samu suna a matsayin masana talauci, su wuce manyan kujerun gwamnati, unguwa kuma tana nan yadda suka same ta. Ni dai ban ga yadda za a yi watsi da maganarsa ba. Whitechapel ba ta fita daga talauci don an buɗe Toynbee Hall ba. Sauƙin da ya zo, ta hanyar doka da baitulmali ya zo, bayan shekaru masu yawa, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na talakawan da kansu suna da babban kaso a ciki.

Daga Ingila dabarar ta tsallaka Amurka. Jane Addams ta ziyarci Toynbee Hall a 1888, ta koma ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka buɗe Hull House a Shikago a 1889, a tsakiyar baƙin haure. A can mata masu ilimin kwaleji ne suka riƙe aikin. Addams har muƙamin mai duba kwashe shara ta karɓa a mazaɓarsu a 1895, don ta ga ƙazanta na kashe yara. A 1931 ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

A zamaninmu salon ya canza, ɗalibi ba ya tarewa, zuwa yake ya koma. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard da Linda Fuller suka kafa a 1976, ta samu reshen ɗalibai na farko a Jami'ar Baylor a 1987. Aikinsu kamar gayya ne: ɗalibai su kama guduma, mai gidan ma dole ya zuba guminsa, sannan ya biya kuɗin gidan a hankali. Amma reshen ƙungiyar na garin shi ke nemo fili, shi ke zaɓen iyali. Ta fannin abinci kuma, a 2011 wasu ɗaliban Jami'ar Maryland suka ga ana zubar da abincin da ya rage a ɗakin cin abinci, suka fara kwasa suna kai wa gidajen ciyar da mabuƙata. Daga nan Food Recovery Network ta samo asali. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne wata doka ta 1996 da ta kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a. Ko a nan ɗin, ɗalibi ɗauko abincin kawai yake yi. Wanda ya san bakin da za a sa wa, ƙungiyar unguwa ce.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce, ɗalibi shi ke fara cin riba, don shi ake buɗe wa ido. Talaka yana samun nasa ne bisa sharaɗi biyu. Ɗaya, a samu ƙungiyar gida da za ta riƙe aikin bayan an yaye ɗalibin, don baƙo raɓa ne, shekara huɗu ya tafi. Biyu, ɗalibin ya tafi da abin da ya gani, ya tuna da shi ranar da alƙalami ya shigo hannunsa. In babu waɗannan biyun, to Lansbury ya yi gaskiya.

Ɗalibai da ke saurarenmu, kafin ku kafa sabuwar ƙungiya ku buga riguna, ku fara tambaya su wa ke wannan aikin a unguwar tun kafin ku zo, ku je ku gaishe su, ku ji me suke buƙata.