Daga Almakashin Lauscha Zuwa Injin Akron: Tarihin Ƙwallayen Gilashi

Ƙananan ƙwallayen gilashin nan da yara ke harbawa da babban yatsa a cikin da'irar da suka zana a ƙasa, yau dattawa ne ke fafatawa a kansu a wuraren gwanjo na Turai da Amurka. Wanda bai san harkar ba zai ga duk ɗaya ne: abu ne mulmulalle mai launi a ciki. Masu tara su kuwa sun san cewa kowane zamani ya bar shaidarsa a jikin ƙwallon. Wanda ya san yadda aka riƙa yin su, daga hannu zuwa inji, shi ne zai iya bambance tsoho da sabo, na gaske da jabu.

Wasan kansa ya girmi gilashin nesa ba kusa ba. An tono ƙwallayen yumɓu da na dutse a kufan tsohuwar Masar da kwarin Indus, yaran Rum kuma da ƙwayoyin itatuwa suke yin nasu. Daga baya Jamusawa suka mai da abin sana'a: a tsaunukan da ke kusa da Salzburg da Berchtesgaden, ruwan rafi ne ke juya duwatsun niƙa suna mulmula farar ƙasa mai tauri, garin Idar-Oberstein kuma ya yi suna wajen sassaƙa su daga dutsen aƙiƙ, wanda ya fi kowanne tsada.

Labarin ƙwallon gilashi ya fara ne a Lauscha, wani ƙaramin gari a dazukan Thuringia na Jamus, inda aka kafa gidan narka gilashi tun 1597. Mutanen garin sun ƙware har wajen ƙera idon gilashi na 'yar tsana da na ɗan Adam. A ƙarshen shekarun 1840 wani daga zuriyar Greiner ya fito da almakashi na musamman, mai ɗan kofi a baki ɗaya da kaifi a ɗaya bakin, wanda ke yanke narkakken gilashi yana kuma mulmula shi. Wannan ƙarfe ne ya sa ƙwallon gilashi ya yi arha har ya shiga aljihun yara.

Wanda ya taɓa ganin Masagan Bida suna jan narkakkiyar kwalba a bakin wuta zai fahimci aikin cikin sauƙi. Mai sana'a yakan ɗebo gilashi a kan sandar ƙarfe, ya jera siraran zaruruwa masu launi a kewayensa, ya lulluɓe su da gilashi garau, sannan a ja shi ya yi tsawo. Daga nan sai ya riƙa ɗumama bakin sandar, ya murɗa, ya datse ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kowane ƙwallon da aka yanko ta wannan hanya yana da tabo biyu masu ɗan kaushi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma launukan ciki suna tafiya ne daga wannan tabo zuwa wancan. Wannan tabo ne mai tarawa ke fara nema da idonsa da farcensa. Ƙwallon da aka yi da hannu ba ya cika daidaita sarai, sau da yawa kuma akan ga 'yan kumfar iska a cikinsa.

Nau'o'in wannan zamani suna da yawa. Akwai mai farar raga ko rawaya a tsakiya, akwai mai launuka a lulluɓe kamar ɓawon albasa, akwai kuma mai ɗigon jan ƙarfe da ke ƙyalli kamar zinariya, wanda ake kira Lutz. Wani nau'in da ake ji da shi shi ne mai ɗan mutum-mutumin farin yumɓu a ciki, kare ko zaki ko tsuntsu. Shi wannan ɗai-ɗai ake yin sa, don haka tabonsa guda ne tak. Daga Thuringia aka riƙa loda waɗannan kaya a jiragen ruwa zuwa Ingila da Amurka har farkon ƙarni na 20.

Amurkawa ba su zauna suna kallo ba. A 1884 Samuel Dyke ya fara buga ƙwallayen yumɓu masu ɗimbin yawa a Akron ta jihar Ohio, a shekarun 1890 kuma James Leighton ya yi na gilashi da hannu a wannan yanki. Amma wanda ya sauya harkar baki ɗaya shi ne Martin Christensen, ɗan asalin Denmak, wanda tun farko ya ƙirƙiro hanyar yin ƙwallayen ƙarfe na boris. Ya kafa kamfaninsa a 1903, ya sami takardar mallakar fasahar injinsa a 1905. Ma'aikaci ne har yanzu ke ɗebo gilashin da hannu, sai a datse ɗigon ya faɗa tsakanin ƙafafu masu kwari da ke juyawa, su mulmule shi sumul. Ƙwallayen wannan tsakanin suna ɗauke da alamar zamani biyu: launin ya naɗe kamar lamba 9 saboda juyin hannun ma'aikaci, ga kuma ɗan layin yanka maimakon tabo mai kaushi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a 1914 ya toshe hanyar kayan Jamus, kasuwa ta koma hannun Amurkawa. Kamfanin Christensen ya rufe a 1917, amma a lokacin wani kamfani mai suna Akro Agate ya riga ya ƙaura daga Akron zuwa Clarksburg a jihar West Virginia, inda iskar gas da yashi mai kyau suke da arha. A shekarun 1920 aka samar da na'urar da ke zubo narkakken gilashi da kanta, hannun ma'aikaci ya fita daga aikin. Abin mamaki, a nan ne launi ya bunƙasa, domin kamfanoni sun koma gasar wa zai fi jan idon yaro. Akro ya yi suna da ƙwallo mai launi guda da ya murɗe daga sama har ƙasa ba tare da ya tsallake kansa ba. Kamfanin Peltier na Ottawa a jihar Illinois ya buga hotunan taurarin zanen barkwanci guda 12 a jikin nasa a farkon shekarun 1930. Wani kamfani daban mai suna Christensen Agate, wanda bai wuce daga 1925 zuwa 1933 ba, ya bar launuka masu kaifi da har yau ake tsadarsu saboda ƙarancinsu. Ko a shekarun karyewar tattalin arziki, ƙwallo na cikin 'yan abubuwan wasan da talaka ke iya saya wa ɗansa, gasar ƙasa ta yaran Amurka da aka fara a 1922 kuma ta ƙara masa farin jini.

A farkon shekarun 1950 sai Japan ta shigo da "idon kyanwa", gilashi garau mai 'yan fukafukan launi a tsakiya, mai kyau kuma mai arha ƙwarai. Akro ya rufe a 1951. Waɗanda suka tsira, irin su Marble King da Vitro Agate, sai da suka koyi yin irin nasu. Roba da talabijin suka janye yara, masana'antar kuma ta karkata zuwa Asiya da Meksiko, inda kamfanin Vacor na Guadalajara ya zama cikin manyan masu yi a duniya. Yawancin abin da ke hannun yara a yau daga wannan zango na ƙarshe ya fito, kuma shi ya sa idon kyanwa, duk tsufansa a idon mai shi, ba kasafai yake da daraja a kasuwa ba.

Yaran da suka yi wasa a shekarun 1930 su ne suka girma suka fara neman abin da suka zubar. Littafin Paul Baumann kan tara tsofaffin ƙwallaye ya fito a 1970, aka kafa ƙungiyar masu tarawa ta Amurka a 1975, sannu a hankali aka daidaita sunaye da ma'auni. Ana auna girma da inci, kuma 5/8 shi ne girman da aka saba. Na hannu da ya kai inci 2 ba a cika samun sa ba. Ana duba lafiyar jiki da madubin ƙara girma, domin ɓantarewa ɗaya kan zubar da farashi sosai. Wasu na haska ƙwallo da irin fitilar da ake gwada kuɗin jabu, saboda gilashin da aka zuba wa yuraniyom yakan yi haske kore. Sai dai wannan haske ba hujja ce ta tsufa ita kaɗai ba.

Da kuɗi ya shigo, musamman bayan da ciniki ya koma intanet, algus ma ya biyo baya. An ga sababbin ƙwallaye da aka kankare musu tabo na ƙarya, an ga waɗanda aka birkita a cikin yashi don su yi kama da sun sha wasa. Masu fasahar gilashi na zamani masu gaskiya kan sa hannu a aikinsu don kada a ruɗe. Maganin mai saye shi ne ya haɗa shaidu: tabo, tafiyar launi, irin gilashin, girma, da yadda jikin ya ci. Idan ɗaya ya saɓa wa sauran, to, a dakata.

Abin da ya fi damuna shi ne gogewa. Wasu kan kai tsohon ƙwallo a goge shi da inji don ya yi sheƙi, a nan kuwa tabon almakashi ke tafiya, tare da shi kuma hujjar cewa hannun mutum ne ya yi shi. Wanda ya gaji gwangwanin tsofaffin ƙwallaye ya wanke su da ruwa da sabulu kawai, ya raba su don kada su riƙa karo da juna, ya rubuta inda suka fito da wanda ya mallake su. Farashi yana hawa yana sauka, amma shaidar da aka goge ba ta dawowa, kuma da ita kaɗai ake gane aikin maƙerin Lauscha daga na injin jiya.