Yadda "gh" ya zama bebe a Turanci

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya san wannan wahala. A rubuta masa "night", wato dare, da "light", haske, da "daughter", 'ya mace, a ce "gh" ɗin da ke ciki ba a furta shi. Kafin wannan ya zauna masa, sai a kawo "laugh", dariya, da "cough", tari, a ce a nan kuma sautin "f" ne. In yaro ya nemi dalili, sai a ce haka abin yake, ya haddace kawai. A ganina wannan amsa tauye haƙƙin mai koyo ce, domin dalilin yana nan, kuma bayaninsa ba shi da wuya.

Shekara dubu da suka wuce, mutanen Ingila suna da wani sauti na maƙogwaro, irin na harafin Larabcin da almajirai ke kira ha mai ruwa. Da "h" suke rubuta shi, dare "niht", 'ya "dohtor", kuma yana fita a bakinsu sarai. Danginsu Jamusawa har gobe ba su yar da shi ba, suna cewa "Nacht" da "Tochter". Haka ma a Sukotlan akwai masu cewa "nicht" da maƙogwaro.

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada, rubutun Turanci ya bi salon marubutan da suka saba da Faransanci da Latin. Sun ɗan jima suna rubuta sautin da wani harafi mai kama da lamba 3, sunansa "yogh", daga baya suka koma haɗa "g" da "h". A zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, haruffan biyu suna aikinsu, ana rubuta su ana furta su.

Sai bakin mutane ya fara gajiya da sautin. Bahaushe ma ya yi haka, da ya sassauta "alkhairi" ta koma "alheri", sai dai shi rubutunsa na boko ya bi bakinsa. A kudancin Ingila, tsakanin ƙarni na 15 da na 17, sautin ya kama hanya biyu: a wasu kalmomi ya ɓace ƙurmus, a wasu ya gangaro leɓe ya zama "f". Rashin sa'ar shi ne, daidai lokacin ne injin ɗab'i ya iso. William Caxton ya kafa nasa a Westminster a 1476, littattafai suka yawaita, rubutun kalmomi ya fara daskarewa yayin da furuci ke ci gaba da tafiya. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wajen ma'ana. Dubi "thought", "sought", "taught", "brought", "bought": ya yi tunani, ya nema, ya koyar, ya kawo, ya saya. Dukkansu aikin da ya wuce ne, kuma ba haɗuwar banza suka yi ba. A tsohon harshen da Turanci da Jamusanci suka fito, "k" ko "g" in ya gamu da "t" sai ya koma sautin maƙogwaro. To "k" ɗin "think" da na "seek" shi ne ya zama "gh" a "thought" da "sought". Ɗalibin da aka nuna wa wannan sau ɗaya ya samu igiyar ɗaure kalmomin wuri guda, maimakon ya riƙa tsintar su ɗai-ɗai.

Akwai kuma 'yan cusa kai. Kalmar "delight", jin daɗi, daga Faransanci ta zo ba tare da "gh" ba, a ƙarni na 16 aka liƙa mata shi don ta yi kama da "light". Ita kuwa "ghost", fatalwa, da "gast" ake rubuta ta, masana na danganta "h" ɗinta da Caxton da ma'aikatansa waɗanda suka saba da rubutun yankin Filandas, inda ya daɗe yana kasuwanci.

An yi yunƙurin sharewa, musamman a Amurka. Noah Webster, mai ƙamusun 1828, ya goyi bayan "plow" a maimakon "plough", wato garma, kuma wannan ta karɓu. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta sauƙaƙa rubutun kalmomi 300, ciki har da "thru" da "tho". Jaridu suka yi masa ca, majalisar wakilai ta ƙi amincewa, kafin shekarar ta ƙare ya janye umarnin. Yau "thru" tana nan a allunan hanya da na gidajen abinci a Amurka, amma a takardar jarrabawa "through" ake nema.