Carey Price: Matashin Golan da Montreal Ta Yi wa Ihu, Daga Baya Ta Ɗaga Shi Sama

A wasan hoki na ƙanƙara babu wanda ya kai mai tsaron raga ɗaukar nauyi. Ragar 'yar ƙarama ce, faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4, amma faifan robar da ake bugo masa kan zo da gudun da ya kai kilomita 160 a awa. In kuma a birnin Montreal na Kanada kake tsaron ragar, nauyin ya ninka, domin ƙungiyar Canadiens ta ci kofin Stanley na gasar NHL sau 24, fiye da kowa, kuma tun 1993 mutanen garin ke jiran na 25.

A cikin wannan tukunya aka jefa Carey Price.

An haife shi a 1987, ya tashi a Anahim Lake, wani ƙauye mai nisa a lardin British Columbia. Mahaifiyarsa Lynda ta shugabanci al'ummar Ulkatcho, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar. Mahaifinsa Jerry tsohon gola ne, shi ya fara koya masa a kan ruwan da sanyi ya daskarar. Wurin da ake buga wasa na tsari yana Williams Lake, tafiyar kusan kilomita 320. Uban yakan kai shi a mota ya dawo da shi, har daga baya ya sayi ƙaramin jirgin sama don rage wahalar hanya.

Montreal ta zaɓe shi a matsayi na biyar a zaɓen matasan 'yan wasa na NHL na 2005. A 2007 ya ci zinare da matasan Kanada a gasar duniya, ya kuma ci kofin Calder da Hamilton, ƙaramar ƙungiyar Montreal. A Fabrairun 2008 aka sayar da babban gola Cristobal Huet, aka danƙa masa ragar yana ɗan shekara 20. Gari ya ɗauka an sami magajin Ken Dryden da Patrick Roy, tsofaffin gololin ƙungiyar waɗanda kowannensu ya ɗauko kofi tun yana sabon shiga.

Sai tafiya ta fara tangarɗa. A kakar 2008-09, shekarar da ƙungiyar ke bikin cika shekara 100, ya ji rauni a idon sawu, kuma da ya dawo bai dawo da kaifinsa ba. Masu tsaron raga sun san wannan ciwo: da zarar shakka ta shiga zuciya, sai mutum ya riƙa durƙusawa kafin a buga, ko ya noƙe cikin raga ya bar wa maharin fili. A wasannin neman kofi, Boston ta fitar da Montreal da wasa huɗu a jere. A wasan ƙarshe, a gida, ya tare wani bugu mai sauƙi, 'yan kallo suka yi masa tafin ba'a. Ya ɗaga hannayensa biyu sama, irin yadda Roy ya yi a 1995 daf da barinsa garin. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, yaron nan ma tafiya zai yi.

Kakar da ta biyo baya ta fi ɗaci. Wasa 13 kacal ya ci, ya sha kashi a 20. Jaroslav Halak, ɗan Slovakia, ya karɓe ragar, kuma a wasannin kifa ɗaya kwala na 2010 ya yi abin mamaki: ya fitar da Washington, ya fitar da Pittsburgh mai riƙe da kofi. A wasa ɗaya kaɗai ya tare bugu 53. Price galibi yana benci yana kallo, gari kuwa sai kiran sunan Halak.

Nan ne tarihin ya juya. A Yunin 2010 manajan ƙungiyar, Pierre Gauthier, ya sayar da Halak ga St. Louis, ya riƙe Price. Garin ya ɗauki zafi. A wasan sharar fage na watan Satumba, wanda ba ya cikin lissafi, sai da aka yi masa ihu. Amsar da ya bayar ga 'yan jarida ita ce mutane su kwantar da hankalinsu, ba a cin kofi a wasan gwaji. Wasu sun ɗauke ta girman kai. Ni a wurina a nan aka ga ya warke, domin golan da ihu ya daina girgiza shi, faifai ma ba zai ruɗa shi ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A kakar 2010-11 babu Halak da zai fake a bayansa. Ya buga wasa 72, ya ci 38, babu golan da ya fi shi cin wasa a gasar NHL a shekarar, kuma sau 8 ya tashi ba a zura masa ko ɗaya ba. Salonsa ya koma na nutsuwa: ya tsaya inda ya dace, ya jira, ya bar faifan ya zo ya same shi.

A 2014 ya ci wa Kanada zinare a wasannin Olamfik na Sochi a Rasha, bai bari Amurka ko Suwidin sun ga ragarsa ba a wasanni biyu na ƙarshe. A kakar 2014-15 ya ci wasa 44, aka ba shi kyautar Vezina ta golan da ya fi kowa, da ta Hart ta gwarzon gasar baki ɗaya. A 2019 ya wuce Jacques Plante, ya zama golan da ya fi ci wa Montreal wasa a tarihinta. Kofin Stanley bai zo hannunsa ba. A 2021 ya kai Montreal zagayen ƙarshe, Tampa Bay ta yi nasara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarunsa lokacin da 'yan kallo suka yanke masa hukunci a 2010: 22. Da shugabannin ƙungiyar sun bi ihun 'yan kallo, da wani gari ne ya ci moriyar duk abin da ya biyo baya. Duk wanda ke da matashi a hannunsa, ɗan wasa ne ko ɗalibi ko yaron shago, ya tuna cewa baƙar shekara ɗaya ba ta isa a auna mutum da ita ba.