Kwana Arba'in: Me Ya Rage Wa Mai Jego A Ƙasar Yauri?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako.

Mun sha magana a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwar Birnin Yauri. Yau cikin gida za mu shiga, har ƙuryar ɗaki, wurin mai jego. Duk wanda ke jin muryata ta wannan ɗakin ya biyo, amma da wuya ka ga an ba shi ko shafi ɗaya a littafin tarihi.

Bari in fara da yadda tsarin yake, saboda samarinmu da iyakar saninsu da jego shi ne naman suna. Idan cikin fari ya tsufa, akan mayar da mace gidan iyayenta, shi ne goyon ciki. Ta haihu a hannun ungozoma, a yanke cibiya, a binne mabiyiya. Daga ranar rayuwarta ta koma kan wani tsari daban. Tun kafin assalatu an hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya. Ruwa ya tafasa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki, safe da yamma. Ta fito ta sha kunun kanwa da zafinsa, ta ci tuwo da yajin jego, ga ƙauri, a nan bakin ruwa kuma ga farfesun kifi. Rana ta bakwai a raɗa suna, wanzami ya yi aski. Ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta taka gonar albasa, ba ta komawa ɗakin miji, sai ta cika arba'in, ta yi kitso da lalle, ta goya ɗanta ta fita yawon arba'in. Dalilin duk wannan zafi a wurin iyayenmu ɗaya ne: jikin mai jego ɗanye ne, idan sanyi ya shige ta ya nakasa ta. Tsofaffi ma cewa suke kabarin mai jego a buɗe yake har sai ta yi arba'in.

Tsarin ya daɗe. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da aka haifa tun kafin zuwan Turawa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma wanka da suna da kunyar ɗan fari duk suna ciki. To amma idan ka warware jego ka dubi kayan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ka tarar kowanne da inda ya fito da lokacin da ya shigo.

Mu ɗauki lissafin arba'in ɗin kansa. Da yawanmu mun ɗauka hukuncin addini ne kai tsaye. Amma a Ahalari da Risala, littattafan Malikiyya da muke karantawa a gaban malamai, iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, kuma da zarar ya ɗauke mace ta yi wanka ta yi salla ko da bai kai haka ba. Arba'in ɗin hutu kuwa al'ada ce ta ajiye shi. Abin sha'awa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana 42 take ƙirgawa a matsayin lokacin da mai haihuwa ke cikin haɗari, dokar ƙwadago ta Najeriya kuma ta ba ma'aikaciya mako shida bayan haihuwa. Kun ga ke nan kakanninmu sun yi wa mace hutun haihuwa tun babu ma'aikatar ƙwadago, kuma lissafinsu da na likitoci kwana biyu ne tsakani.

Sai ganyen wanka. Yau ko'ina darbejiya ake tsomawa, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko bedi, har ka ɗauka da ita aka halicci jego. Alhali bishiyar baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, a wajen 1928 aka fara dasa ta a Barno zamanin Turawa, daga nan ta bazu. Kafin ta zo, da su runhu da sauran ganyen dajinmu ake yi. Wato al'adar da ake ce mana ba a taɓa ta, ita da kanta ta sauya ganye a cikin shekara ɗarin nan, ba wanda ya ce an ɓata ta.

Kanwa kuma fa? Ba a haƙa ta a Yauri. Daga Barno da ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi take fitowa, fatake su ɗoro ta a kan jakuna su nufi Gwanja sayen goro, kuma Yauri na ɗaya daga cikin wuraren da ayari ke yada zango kafin ya ƙetare Kwara. Ungurnun da ke cikin kunun kakarki ya yi tafiyar watanni kafin ya iso hannunta. Abu ne mai daraja, shi ya sa aka ware shi ga wadda ake so ta murmure.

To, yanzu ga wani lissafi da nake so maza su yi da ni. Wanka biyu a rana, kwana 40, wanka 80 ke nan. Tukunya 80 ta ruwa, wuta 80, ban da girki da wankin tsumman jariri. Wa ke ɗebo ruwan? Wa ke faskare? Wa ke tashi da asuba? Uwa, gwaggo, ƙanwa, kishiyar uwa, maƙwabciya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙashin bayan jego waɗannan hannuwa ne, kuma su ne tarihi ya fi taɓawa a ƙasarmu.

Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji. Da tafki ya cika, ya haɗiye tsibirai masu yawa, waɗanda muke kira gungu, da fadamun bakin kogi. Sama da mutum 40,000 aka tayar, Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Sarkawa da Hausawa da mutanen Bussa. Ƙauyuka fiye da 200 aka tattara a sababbin matsugunai wajen 120, a gidajen bulo da siminti. Gwamnati ta ƙirga ɗakuna ta gina wasu a madadinsu. Amma ba a biyan diyyar maƙwabciya. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ta yi jego biyu a gungu, huɗu a tudu. Takan ce a gungu ruwa a bakin ƙofa yake, itace a jirgi ake kawo shi, 'yar uwarta kuma ko tari ta yi tana ji. A tudu sai da tulu da tafiya, 'yar uwar kuwa an kai su wani gari daban. Ba a fasa wanka ba, wahalarsa ce ta ninka, masu ɗaukarta suka ragu.

Ana cikin haka sai likitoci suka shigo maganar. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura mata na zuwa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama, ba dama a kwanta. A 1978 suka fitar da bincikensu a kan mata 224, suka ɗora zargi a kan kanwa da zafi. Bayaninsu shi ne gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin wanka da gadon ƙasar da ake hura wa wuta a ƙarƙashi kuma suna ƙara wa zuciya aiki, musamman lokacin zafi da damina. Shekara da shekaru wannan ake koya wa ɗaliban likita, har sunan wankan jego da kunun kanwa ya shiga littattafan likitancin duniya. A 2007 wani bincike a Sakkwato ya samu cutar a wajen haihuwa ɗaya cikin kowace 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya.

Sai a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon mata 406 daga asibitoci 22 na Najeriya. Ba su ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da wanka ko kunu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Tun kafin nan ma binciken da ya yi a Kano ya nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu cutar. A taƙaice dai, talauci da yunwa. Kada wata ta ce na ce a ɗura kanwa fa. Mai hawan jini ko kumburi ta nisance ta, kuma tafasasshen ruwa na ƙona fata, ungozomomi sun sani. Abin da nake so mu gani shi ne, shekara 40 ana tuhumar tukunyar wanka, ashe tukunyar tuwo ma abar tuhuma ce.

Ni bara na yi nawa jegon. Dare ba dare ba, rana ba rana ba: yaro ya tashi kowace awa biyu, kan nono ya tsage, ga ɗinki, ga kuka haka kawai ba wanda ya yi maka komai. 'Yan barka suka cika ɗaki, kowa jariri yake karɓa, kuma tambayar kowa ɗaya ce, "Ana dai shiga ruwan zafi ko?" Mutum biyu ne kacal suka tambaye ni ko na samu barci. Duk da haka ni 'yar gata ce, Inna na kaina, maigidana ya sayi itace tun cikin na wata takwas. Wata maƙwabciyarmu kuwa, kwananta goma da haihuwa na gan ta gaban kaskon suyar kifi, jariri a baya, hayaƙi na dukansa. Wankanta bai taɓa tsallake rana ba, da kanta take dafa ruwan. Mun riƙe ruwan zafi gam, mun saki hutu da abinci da masu taimako.

Ga kuma abin da alƙaluma ke cewa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna a Jihar Kebbi ko haihuwa ɗaya cikin goma ba ta samun ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya a kanta, kuma cikin yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kai shekara biyar. A wancan binciken na 2018, babu jihar da ta kai mu a wannan lissafi. Mai jegon da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a ƙauyen gaɓar tafki, jirgin ruwa ne motar asibitinta, kuma mun san halin jiragen, ba mu manta da hatsarin Warrah na watan Mayun 2021 ba. Ba mu kuma manta da ƙannenmu na makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da aka sace ranar 17 ga Yunin 2021 ba, waɗanda wasunsu sai a 2023 suka dawo, da jarirai a hannu. Sun yi jego a daji, ba uwa, ba gwaggo, ba mai cewa sannu. Haƙƙinsu na kanmu har yau.

To me za mu yi da wannan tarihi? Tunda al'ada ta iya sauya ganye, za ta iya sauya wasu abubuwan.

Iyayenmu mata, don Allah a daina matse dakashi ana zubarwa. Nonon farkon nan mai kauri shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a bar shi da nono zalla har wata shida. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ke bayarwa, a bar toka da man goge baki. Ruwan wanka a sirka shi, kanwa a rage ta.

'Yan uwana mata, duba mai jego sau huɗu ne: ranar farko, rana ta uku, cikin mako na biyu, sai mako na shida. Kumburin ƙafa, haki idan kin kwanta, tarin dare, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, jini mai yawa, ko baƙin cikin da ya ƙi tafiya, duk ba na jiran arba'in ba ne. Kada kunya ta sa ki yi shiru.

Maza, ragon suna kwana ɗaya ne, jego kwana 40. Ka yi tanadin ƙwai da kifi da wake da itace da kuɗin mota ko na jirgi kafin ka yi na anko da kujerun haya. Idan babu mai zama da ita, ɗebo ruwa ba ya zubar da girman kowa.

Shugabanninmu na Yauri da Ngaski da Shanga kuma, buƙatarmu ba ta da yawa: ungozomar asibiti da za ta kwana a kowace mazaɓa, da jirgin gaggawa mai inji da rigunan kariya ga garuruwan bakin tafki. Mutanen da suka ba da gungunsu aka samar wa ƙasa lantarki sun cancanci wannan.

Aikin gida na wannan mako: duk mai kaka ko tsohuwar ungozoma a raye, musamman waɗanda suka haihu kafin 1968, ku zauna da su ku tambaye su wane ganye, wane abinci, wa ya yi musu wanka, kwana nawa. Ku naɗa a waya da izininsu ku turo mana, za mu haɗa shiri na musamman da muryoyinsu. Masu ciki Allah ya raba lafiya, masu jego Allah ya ba da lafiyar shayarwa, ya raya mana abin da aka samu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.