Fatalwa ko Iska? Yadda Ake Tuna Sojan Yaƙi a Ingila da Ƙasar Maraɗi

1. Gabatarwa

A ƙasar Ingila an mayar da wasu tsofaffin filayen jiragen yaƙin duniya na biyu gidajen tarihi. Ɗaya daga cikinsu shi ne na East Kirkby, wanda ƴan'uwa biyu, Fred da Harold Panton, suka buɗe a 1988 domin tunawa da ɗan'uwansu Christopher, wanda ya mutu a harin da aka kai birnin Nuremberg a watan Maris na 1944. Masu ziyarar wurin sukan ba da labarin jin motsi ko ganin wani mai kayan soja a tsohon benen da ake lura da tashin jirage. Ba aikinmu ba ne mu gaskata ko mu ƙaryata su. Tambayarmu ita ce: Maraɗi, wadda ita ma ta ɗanɗana wannan yaƙi amma ba ta da irin wannan gida, a ina ta ajiye nata sojan? Za mu nemi amsa ta hanyar tarihi da ta nazarin kalmomi.

2. Yaƙin Hitila a bakin iyaka

Bayan faɗuwar Faransa a watan Yuni na 1940, Afirka ta Yamma ta Faransa, ƙarƙashin gwamna janar Pierre Boisson, ta bi gwamnatin Vichy har watan Nuwamba na 1942. Cadi kuwa, ƙarƙashin Félix Éboué, ta bi de Gaulle tun 26 ga Agusta 1940. Ke nan iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. A can hayin, filin jirgin Kano ya zama zango a hanyar Takoradi: ana haɗa jirage a gaɓar teku, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Khartum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya tsakanin 1940 da 1943.

A wannan gefen, abin da talaka ya gani shi ne gardi, da lampo, da karɓar hatsi da bisashe, da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946. A 1945 kuma ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka mayar da shi bisa tudu. Wannan batu yana da muhimmanci: unguwannin da yaƙin ya iske mutane a cikinsu ba su ne garin ya ci gaba da zama a ciki ba.

3. Kalmomin da kansu

Hausa ta bambanta abubuwa uku. Kurwa ita ce ran mai rai, wadda ake cewa maye na kamawa. Fatalwa surar mamaci ce. Iska kuwa, a wajen ƴan bori, halitta ce mai suna, da dangi, da tufafi, da irin dabbar da ake yanka mata.

Aikatau da ke rakiyar kalmomin sun ƙara fito da bambancin. Fatalwa fitowa take yi, a gan ta, a gudu. Jimlar tana buƙatar wuri, kamar kushewa ko kango. Iska hawa take yi, ta yi magana, ta sauka. Jimlar tana buƙatar mutum, wato doki ko goɗiya. Fatalwa ba ta da makaɗi, ba ta da kirari, ba a yi mata girka. Labaran East Kirkby, in an juya su da Hausa, labaran fatalwa ne. Amma sojan Nasara bai shiga tunanin Bahaushe ta wannan ƙofa ba.

4. Sojan da ke hawa

A 1925, a ƙasar Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana ta bakin wata mace mai suna Shibo. Waɗanda suka hau sukan yi fareti, su sara wa juna, su riƙe bindigogin itace. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare. Daga baya shi kansa ya shiga sahun iskokin da sunan Kumandan Mugu. Su ne ake kira Hauka ko Babule. Jean Rouch ya ɗauki wasansu a Accra a 1954, cikin fim ɗin Les Maîtres fous, kuma Finn Fuglestad ya yi musu fassarar tarihi a 1975. Matthias Krings ya bayyana su cikin borin Kano a littafinsa na 1997, Adeline Masquelier kuma a Dogon Dutsi a nata na 2001.

Me ya sa bori ya iya karɓarsu? Domin a nan bori hukuma ce mai tsari. A fadar Katsinan Maraɗi yana ƙarƙashin Iya, a Tsibirin Gobir, wanda aka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, yana ƙarƙashin Inna. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana borin kwarin Maraɗi a littafinta na 1972. Tsarin da ya riga ya tanadi gida ga sarakai, malamai, Fulani da maharba bai rasa ɗakin da zai sauke kumandan da kafaran ba.

Akwai misali guda da ya ɗan kauce. A Maijirgi, kan hanyar Tasawa, akwai kusheyin Voulet da Chanoine, waɗanda sojansu suka kashe a watan Yuli na 1899. Nan ga wuri, ga matattu. Duk da haka, labarin da ya shahara a kansu a rubuce shi ne cewa Robert Delavignette ya sa an tone su a 1923 aka iske ba kowa. Wannan ma ba labarin fatalwa ba ne, shakka ce a kan mutuwar kanta.

5. Kammalawa

Bambancin ya samo asali daga abin da kowace al'umma ta rasa. Rundunar jiragen Ingila masu jefa bom ta rasa matasa fiye da 55,000, da yawansu ba a ga gawarsu ba, sai ƙasar take jiran su a wurin da suka tashi. Talakan Maraɗi bai yi makokin kumandan ba, wuyarsa ya sha. Abin da ya riƙe shi ne tafiyarsa, tsawarsa da kalmomin umurninsa. Saboda haka muke ganin maganar Babule taska ce ga masanin harshe: Faransancin bariki ne da ya bi ta kunnen wanda bai shiga lakwal ba.

Taskar nan tana cikin haɗari. Wanda ke da shekara goma a 1942 ya haura casa'in, kuma wa'azin da ya ƙarfafa a Maraɗi tun shekarun 1980 ya sa da yawa ba su son a san su da bori. Muna ba ɗalibanmu shawarar ayyuka biyu a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa: ɗaukar kirarin waɗannan iskoki daga bakin makaɗa, da yardarsu, tare da rubuta shi da karin sauti, da kuma tattara abin da tsofaffi suka gani ko suka ji daga iyayensu game da shekarun 1940 zuwa 1946. In aka gwama biyun, za a iya gane abin da wasan ya adana da abin da ya zubar.